Wanda Ya Ga Dawowar Shuɗiya

Ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma aka tsinci Shuɗiya a cikin ciyawa, taku ashirin daga shingen waya, can ƙarshen titin jirgi. Tana kwance ta gefe guda, da huji uku a ƙirjinta, jini ya bushe a gashin. Kusa da ita akwai kwanson harsashi.

Shuɗiya tantabara ce. Na faɗa da wuri don kada wani ya zaci mutum aka kashe, ko da yake a unguwar ma'aikatan filin jirginmu an sha yin rasuwar da ba ta tara jama'a kamar wannan ba.

Mu goma sha ɗaya ne masu kiwon tantabaru a unguwar. Asabar ɗin farko ta kowane wata kowa yakan kawo gwanarsa a zuba a kwando guda, a ɗora a jirgin ƙarfe bakwai da rabi na safe mai zuwa ɗaya filin. Tsakaninmu da can kilomita ɗari huɗu da ashirin ne. Jirgi yana cinye su a minti hamsin da biyar idan zai tafi, amma sai ya yi awa ɗaya da minti biyar idan zai dawo. Wannan abu ya daɗe yana ba ni mamaki, a ce hanya ɗaya ta fi tsawo a dawowa. Wani matuƙi ya ce mini iska ce. Na yarda, amma ban daina mamakin ba.

Idan jirgi ya sauka can, wata ma'aikaciyar jirgin da muke kira Anti takan buɗe kwandon wajen ƙarfe tara, ta rubuta lokacin a takarda, ta liƙe a ambulan. Ba ta faɗa wa kowa sai ta dawo da shi, don kada a yi maguɗi. Ni kuma nakan zauna ƙarƙashin tankin ruwa da agogo ina rubuta lokacin da kowace ta sauka a gidansu. Shi ya sa ake ce mini Baba Agogo.

Sau goma sha huɗu a jere Shuɗiya ta riga kowa. Awa shida cur take yi, sauran kuwa sai shida da rabi ko bakwai. Mai ita shi ne Makaniki, mai gyaran motocin jan kaya, mutumin da ba ya iya gaishe ka bai sako ta a zance ba. Da na ji ta mutu na yi salati da bakina, amma wani abu a ƙirjina ya miƙe ƙafa ya gyara zama. Na duba fuskokin sauran tara, na ga ba ni kaɗai ba ne.

Wanda ya kawo labarin yayan Makaniki ne, Mai Lodi, wanda ke ɗora kaya a jirgi. Ya ce da idonsa ya gan ta ƙarfe uku da minti biyar ta taho ta saman hasumiya, sai ya ji ƙarar bindiga, ya ga ta faɗo. Aiki ya riƙe shi, sai da ya tashi ya je ya nemo ta.

Mutum ɗaya ne ke da bindiga a filin, shi ne mai korar tsuntsaye daga titin jirgi. Kullum yakan buga ƙarfe uku da ƙarfe shida, kafin saukar jiragen yamma. Harsashin da ake ba shi na ƙara ne kawai, ba ya kisa. Dokar wurin ita ce duk ranar da ya sa mai dalma kusa da titin jirgi, ranar ya bar aiki. Kowa kuma ya tuna da can shi ma yana cikinmu, Shuɗiya ce ta sa ya sayar da tantabarunsa don takaici, ya kuma taɓa cewa a kantin shayi wata rana sai ya harbo ta.

Kafin magariba Manaja ya karɓe bindigar. Ya ce Litinin ƙarfe tara na safe zai sa hannu a takardar sallama, Mai Bindiga ya bar aiki, ya kuma kwashe kayansa daga ɗakin da yake ciki shekara ashirin da shida.

*

Akwai wani tsoho sa'ana da ke zagaya shingen filin da ƙafa kowace safiya, yana duba inda dabba ko mutum ya ɓulla. Duba-Ƙasa ake ce masa, don ba ya kallon fuskar mai yi masa magana. Ya taɓa bin sawun kunkuru kwana biyu har ya same shi a ƙarƙashin motar kashe gobara. Ya iso muna tsaye a kan gawar.

“Ku ja baya,” in ji shi. “Kun tattake wurin kamar garken shanu.”

Ya tsuguna ya daɗe. Ni ma na tsuguna, don ina son ganin abin da yake gani, ban taɓa dacewa ba.

“Akwai sawu?” na tambaye shi.

“Akwai. Naka, nasa, na wancan. Takalmi iri ɗaya aka raba muku duka, tsoho, ƙasa ba ta san waye waye ba.” Ya ɗebi ƙasa ya sake ta, ya ga inda iska ta kai ta. Ya bi wajen a hankali, taku talatin, ya dawo hannu wofi. “Ka taɓa ganin an harbo tsuntsu?”

“Sau da yawa.”

“Me ke fara saukowa, me ke ƙarshe?”

“Shi ke fara faɗowa, gashin ya biyo baya.”

“To ina gashin?”

Babu ko ƙwara ɗaya. Sai layin tururuwa da ya riga ya yi hanya sosai zuwa gawar, masu zuwa da masu komawa, kamar sun shekara suna bin ta.

Makaniki ya sunkuya zai ɗauke ta. Duba-Ƙasa ya ce, “Ara mini ita minti ɗaya, ɗana.” Ya auna ta a tafin hannu, ya latsa ƙasan wuyanta da yatsa, inda tsuntsu ke tara abinci, ya miƙa masa.

“Baba, ka ga irinta kuwa?” in ji Makaniki, hawaye na zuba. “Ƙarfe biyar ta wuce, ko ɗaya ba ta dawo ba. Ita tun uku tana nan. Ko mutuwa ma ta riga su.”

Sauran ba su fara sauka ba sai ƙarfe shida da minti ashirin. Kowa ya ce lallai hadari suka tarar a hanya, Shuɗiya ce kaɗai ta ratsa shi.

*

Lahadi da safe Duba-Ƙasa ya ƙwanƙwasa mini ƙofa. “Ɗauko agogonka mu tafi. Ni ban iya lissafi ba, kai ba ka iya gani ba.”

Mun sami Mai Bindiga a ɗakinsa, matarsa tana naɗe kwanuka a tsofaffin jaridu tana jerawa a kwali. Bai tashi ba.

“Kun zo kallon ɓarawo?”

“Ka ce za ka harbe ta ko ba ka ce ba?” in ji Duba-Ƙasa, idonsa a kan siminti.

“Na ce. Waye bai ce ba a ransa? Baba Agogo, kai ba ka ce ba?”

Na gyara wuyan rigata.

“Jiya ƙarfe uku ka buga?”

“Sau biyu, kamar kullum. Hankaki uku ne a kan titi. Ban ga wata tantabara ba. Da na gan ta ma da na sani, ai ko a mafarki na san tashin wannan la'ananniyar.”

“Kwanson fa?”

“Nawa ne. Filin nan cike yake da kwansona, shekara ashirin da shida ina zubarwa. Wanda ke so ya cika buhu.”

Matar ta ajiye kwano da ƙarfi. “Na gaya masa ya riƙa kama bakinsa. Tsuntsuwa ta raba shi da abokai, yanzu za ta raba mu da ɗaki. Ina za mu je da tsufanmu, Baba?”

Duba-Ƙasa ya ce mata kawai kada ta ɗaure kwalin tukuna.

*

Daga nan muka nufi gidan direban motar kashe gobara. Tantabararsa ce ke zuwa ta biyu kullum, har sunanta na asali ya ɓace, kowa na ce mata Ta-Biyu. An kuma ce an gan shi yana raɓe-raɓe bayan gidan Makaniki kwanakin baya. Ni a raina na riga na gama yanke masa hukunci.

Da ya hango mu sai ya yi sauri ya jawo buhu ya rufe wani keji.

“Me ke ciki, Direba?”

“Ba komai, Baba. Mara lafiya ce.”

Duba-Ƙasa ya ɗaga buhun da sandarsa. Ɗan tantabara ne da bai gama gashi ba, amma abin da ya fito shuɗi ne, da baƙin layi biyu a fiffike. Duk unguwar tsuntsuwa ɗaya ce mai wannan zane.

Direba ya zauna a kan bokiti. “Ƙwai ɗaya na ɗauka. Ɗaya tak! Sau biyar ina roƙonsa, ya ce jinin Shuɗiya ba ya shiga gidan 'yan biyu. A gaban mutane ya faɗa. Na sa wa Ta-Biyu ta kwanta a kai. Amma wallahi ban kashe ta ba. In kashe ta in sami wani ƙwan a ina?”

“Jiya ƙarfe uku kana ina?”

“Cikin mota, bakin titi, muna jiran jirgi ya sauka. Mu huɗu ne. Tambaye su.”

“Kun ga tantabara?”

“Mun ji bindiga. Hankaki muka gani.”

Na zaci za mu tafi, sai na ga Duba-Ƙasa ya miƙa hannu ya kamo Ta-Biyu. Ya shafa ƙirjinta, ya buɗe fiffikenta, ya duba ƙafafun.

“Da ta sauka jiya, ta sha ruwa da yawa?”

“Kamar kullum.”

“Ta kwanta?”

“Ina! Ta ci, ta hau kan rufi tana yi wa namijinta yanga.”

A hanya ya ce mini, “Tsoho, daga tara na safe zuwa shida da minti ashirin awa nawa ne?”

“Tara da minti ashirin.”

“Tsuntsun da ya yi awa tara yana kokawa da hadari, ƙashin ƙirjinsa yakan fito kamar wuƙa. Kwana biyu ba ya hawa rufi. Wannan ba ta yi awa tara a sama ba.”

“To ina ta tsaya?”

“Abin da nake tambaya ke nan. Sama ba ta riƙe sawu, sai mu bi na agogo.”

*

Mai Lodi yana sito, zaune a kan sikeli, yana ɗinke bakin wani buhu da ya fashe. Babban mutum ne mai sanyin magana. Shi ya fara kiwon tantabaru a unguwar, shi ya koya wa rabinmu, har da ƙanensa.

“Sannu da aiki, babban yaya,” in ji Duba-Ƙasa. “Ko Lahadi ba hutu?”

“Kaya ba su san Lahadi ba, Baba.”

“Sake gaya mini yadda ka gan ta.”

Ya faɗa daidai yadda ya faɗa jiya. Yana bakin sito, ya ɗaga kai, ga ta ta saman hasumiya, ya duba agogo don ya gaya mini, uku da minti biyar.

“Daga nan zuwa hasumiya da nisa. Ka tabbata ita ce?”

Ya yi wata 'yar dariya. “Ni za a tambaya? A gidana aka yi ƙwanta. Ƙarami ne, mai tsawo, na ce ba zai yi komai ba. Yaron nan ya zo yana so ya fara kiwo, na ce ɗauki wannan ka koya da shi.” Ya soka basilla a buhun ya ja zaren. “Shekara talatin ina haɗa jini, Baba. Guda ɗaya ta fito, na bayar da ita da hannuna.”

“Ya taɓa ba ka ƙwanta?”

“Ban roƙa ba. Ni ne babba.”

“Jiya wa ya kai kwandon jirgi?”

“Ni, kamar kullum. Kowa ya sa tasa a gaban Baba Agogo, aka ɗaure, na tura a amalanke.” Ya juyo gare ni. “Af, Baba, na yi magana da sauran. Tseren jiya a soke shi, don girmama yaron nan. Ba daɗi a tsaya ana buɗe ambulan ana tafa wa wani alhali yana kuka. Na aika wa Anti ta yaga shi kawai.”

Na ce wannan tunani ne mai kyau, har na ji kunyar ban riga shi ba. Duba-Ƙasa yana kallon ƙasa, kusa da ƙafar sikelin.

Da muka fito ya ce, “Yaushe Anti za ta dawo?”

“Yau, jirgin shida da rabi.”

“To yau ba ka cin abincin yamma da wuri.”

*

Muka tsaya a ƙofar da ma'aikatan jirgi ke fita. Ta fito tana jan jakarta, ta cire takalmi mai tsini ta riƙe a hannu.

“Baba Agogo! Baba Duba-Ƙasa! Ni na yi laifi ne aka turo mini tsofaffi biyu?”

“Ambulan, 'yata,” in ji shi. “Kin yaga?”

“An ce in yaga, na manta. Yana nan cikin jaka tare da tarkacena. Allah sarki Shuɗiya, na ji labari.” Ta laluba ta ciro shi, ya ɗan lanƙwashe. “Ai jiya mun ga ta kanmu, ku dai bari. Tunda na fara aiki...”

“Riƙe labarin,” in ji Duba-Ƙasa. “Gobe ƙarfe takwas da rabi ki kawo shi kantin shayi, ki faɗa a gaban kowa. Abu ɗaya kawai: da kika buɗe kwandon, kin ƙirga su?”

“Wa ke ƙirga su, Baba? Kana ɗaga murfi sai fuu, kamar an watsa maka tsumma a fuska.”

Ya karɓi ambulan ɗin ya ba ni. “Kada ka buɗe. Na san halinka.”

Na sa shi a aljihu. Sau uku ina ɗaga shi a hasken fitila kafin in kwanta, ban ga komai ba.

*

Litinin da safe kantin shayi ya cika. Mu goma sha ɗaya, da Anti, da Mai Bindiga a can gefe shi kaɗai, ba wanda ya zauna kusa da shi. Manaja ya zo da takardar sallama a cikin fayil, ya ce minti ashirin ya ba mu, yana da taro.

Duba-Ƙasa ya tsaya a tsakiya yana kallon ƙafafun mutane.

“Ranka ya daɗe, ni ban yi boko ba, sai a taimake ni. Daga can zuwa nan kilomita nawa?”

“Ɗari huɗu da ashirin,” in ji Manaja.

“Makaniki, Shuɗiya a awa nawa take yin su?”

“Shida. Ranar da iska ta taimake ta, ta taɓa yi a biyar da minti hamsin. Ba a taɓa...”

“Mun sani, ɗana, ka gaya mana. Baba Agogo, ya kama nawa a awa?”

“Saba'in,” na ce.

“Babban yaya, ƙarfe nawa ka gan ta?”

“Uku da minti biyar,” in ji Mai Lodi.

“Daga tara zuwa uku, awa shida. Daidai ke nan, ba ragi ba ƙari. Tsoho, buɗe.”

Na yaga bakin ambulan. Rubutun Anti manya ne, ba a kuskure su. Na karanta, na goge tabarau, na sake karantawa.

“Sha ɗaya da minti arba'in.”



“Ai shi nake so in gaya muku jiya,” in ji Anti. “Mun tashi nan bakwai da rabi daidai. Muna isa can muka tarar da hadari ya rufe filin. Muka yi ta zagaye, mai ya kusa ƙarewa, muka juya wani filin muka sauka, muka zauna cikin jirgi awa biyu fasinjoji suna zagin iyayenmu. Tafiyar minti hamsin da biyar sai da ta ci mu kusan awa huɗu. Da ruwa ya tsaya na buɗe kwandon. Iskar ma daga nan take busowa, a fuska suka same ta.”

“Tsoho, daga sha ɗaya da arba'in zuwa shida da ashirin?”

“Awa shida da minti arba'in.”

“Abin da Ta-Biyu ta saba yi ke nan, ko ba haka ba, Direba? Ba hadarin da ya riƙe su. Zuwa uku da minti biyar fa?”

“Awa uku da minti ashirin da biyar.” Na yi lissafin a bayan ambulan. “Ya haura ɗari da ashirin a awa.”

Makaniki ya miƙe, idonsa na ƙyalli. “Kun ji ko? Kun ji? Awa uku da rabi ma ba ta cika ba! Na sha gaya muku ba tsuntsuwa ba ce wannan, ku rubuta, Baba Agogo, ku rubuta...”

“Zauna, ɗana,” in ji Duba-Ƙasa a hankali. “Kai ka fi kowa sanin ba za ta iya ba, iska na dukan ƙirjinta. Na taɓa wuyanta ranar Asabar. Cike yake da hatsin da ka ba ta da asuba, ko narkewa bai yi ba. Tsuntsun da ya yi kilomita ɗari huɗu wofi yake dawowa. Ba gashi a ciyawa, tururuwa kuma sun daɗe da samunta. Shuɗiya ba ta hau jirgi ba. Ba ta kai azahar da rai ba. Ka zaɓa: ko ta yi abin da ba tsuntsun da ya taɓa yi, wannan bawan Allah ya kwashe kayansa, ko kuwa ka yarda da abin da hannunka ya ji lokacin da ka ɗauke ta.”

Makaniki ya daɗe a tsaye. Ya dubi Mai Bindiga. Sannan ya ce, da wata murya ƙarama, “Ta yi nauyi. Na ji ta yi nauyi.” Ya zauna.

“Hujin fa?” in ji Manaja. “Na ga huji uku.”

“A tono ta a duba, ranka ya daɗe, ba za a sami dalma ba. Basilla ce. Mutum ɗaya ne ya kaɗaita da kwandon tsakanin sito da jirgi. Shi ne kuma mutum ɗaya da ya ga dawowar tsuntsuwar da ba ta tafi ba. Ya yi lissafinsa da allon tashi da sauka, kamar yadda dukanmu muke yi a nan. Jirgin da ya tashi a kan lokaci, a wurinmu ya isa ke nan.”

Ba wanda ya juya ya kalli Mai Lodi. Kowa ya sami abin kallo a cikin kofinsa.

“Yaya,” in ji Makaniki.

Mai Lodi ya ɗora manyan hannuwansa a kan tebur. “Ban yi niyyar kashe ta ba. Sau ɗaya nake so wani ya ci, ko waye, ko Direba ne. Na cire ta na sa a akwatin kayan aikina, in sake ta da magariba a ce ta makara. Akwatin ƙarfe ne, rana ta juyo kansa, ni ina can ina lodi. Sha ɗaya na buɗe. Sai na rasa yadda zan dube ka. Na ga kwanso a ƙasa.”

“Ni fa?” in ji Mai Bindiga daga gefe. Bai ɗaga murya ba. “Ni ka san yadda za ka dube ni? Matata ta naɗe kwanuka.”



Manaja ya zare takardar daga fayil, ya ninke ta huɗu ya sa a aljihu. Ya ciro makullin ma'ajiyar bindiga ya tura wa Mai Bindiga a kan tebur. “Koma bakin aikinka. Kai kuma, Mai Lodi, ka same ni a ofis ƙarfe goma. Maganar ɗora tsuntsaye a jirgina kuwa, daga yau an gama.”

Mai Bindiga ya ɗauki makullin. Makaniki ya tare shi a ƙofa yana neman abin faɗa, shi kuwa ya ce, “Bari, je ka gaya wa matata da bakinka, ita ta fi ni buƙata.” Ya fita. Sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, Direba a gaba, yana sauri kada a tuna da shi.

Muka rage mu uku, ni da Duba-Ƙasa da Mai Lodi. A karo na farko tunda na san shi, na ga Duba-Ƙasa ya ɗaga kai ya kalli mutum a fuska.

“Abu ɗaya ya hana ni barci, babban yaya. Ƙarfe biyar ta yi, ko tsuntsu ɗaya bai dawo ba. Kai tsohon hannu ne, ka san wani abu ya faru a hanya. Bindiga za ta sake tashi ƙarfe shida. Da ka ƙara haƙurin awa ɗaya da rabi, ka ce tare da sauran ta zo aka harbe ta, da ambulan bai kama ka ba. Me ya hana ka?”

Mai Lodi ya juya kofinsa a kan tebur, shayin ya riga ya huce.

“Na yi wannan tunanin, Baba. Har na zauna zan jira.” Ya girgiza kai. “Tare da sauran? Shuɗiya? Bakina ya ƙi faɗa.”